Shin fashewar rana tana ƙara radiyeshan a doron ƙasa?

"Salam Malam, barka da ƙoƙari. Dan Allah ina da tambaya. Ina da wata 'yar na'urar Geiger ta hannu mai auna radiyeshan da na saya saboda sha'awa kawai, kullum idan na kunna ta tana nuna 0.10 ko 0.11. To lokacin guguwar ranar nan ta watan Mayun 2024 da aka yi ta yayatawa, na ajiye ta a baranda da yamma bayan an ɗauke ruwa, sai naga ta hau har 0.16, can da dare kuma ta sauko. Tun lokacin abun yake min yawo a kai. Shin idan rana ta yi irin wannan fashewar tana ƙara radiyeshan ɗin da ke ƙasa ne? Kuma na karanta wai har yuraniyom da radon rana tana sa su ƙara saurin fitar da radiyeshan, gaskiya ne? Akwai haɗari ga mutum?"

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, na gode. Kaga tambayar taka a baki ɗaya ce amma idan aka warware ta uku ce. Akwai batun ko abin da rana take yi yana isowa har ƙasa ya taɓa radiyeshan ɗin da muke aunawa, akwai batun ko rana tana iya sa yuraniyom da 'yan uwansa su canza saurin rushewarsu, sannan akwai shi 0.16 ɗin nan da ka gani, daga ina ya fito. Ta farko amsarta eh ce, amma ba ta fuskar da kake zato ba, galibi ma akasin haka ne. Ta biyu a'a, duk da cewa akwai masana na gaske da suka yi iƙirarin haka kuma zan baka labarin yadda ta kaya. Ta uku kuwa kai da kanka ka bada amsar ba tare da ka lura ba, inda kace "bayan an ɗauke ruwa". Riƙe wannan tukuna.

Me na'urar taka take ƙirgawa?

Lambar nan 0.10 da kake gani maikurosibat ne a kowace awa, wato ma'aunin yawan radiyeshan da jiki ke samu, kuma haɗin gambiza ce. Kaso mafi tsoka hasken gama ne, wani haske mai ratsa abubuwa da ido baya gani, da ke fitowa daga ƙasar da kake tsaye a kai da bulo da simintin bangon gidanka, domin duk wani dutse da yashi yana ɗauke da ɗan yuraniyom da toriyom da fotashiyom-40 tun ran da aka yi duniya. Sai kuma wani kaso, wajen 0.03 idan kana kusa da matakin teku, wanda daga sama yake zubowa. Sauran kuma hayaniyar ita kanta na'urar ce. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai nazarin radiyeshan, UNSCEAR, ya ƙiyasta a rahotonsa na 2008 cewa matsakaicin mutum a duniya yana samun milisibat 2.4 a shekara daga abubuwan halitta (milisibat ɗaya maikurosibat dubu ne), a ciki wajen 1.26 na iskar radon ne da muke shaƙa, 0.48 na gama daga ƙasa da gini, 0.39 na sama, 0.29 kuma daga abin da muke ci da sha. Kai kanka akwai fotashiyom-40 a jikinka da yake rushewa kusan sau 4,000 a kowace daƙiƙa, ba wanda ya tsira.

To a cikin waɗannan huɗun, wanda rana take da hannu a ciki kai tsaye shine na saman nan kaɗai, 0.39. Sauran duk na ƙasa ne, ba ruwansu da ko rana tana fushi ko tana barci.

Kuma shi na saman ma ba ranar ce take turo yawancinsa ba. Wannan tun 1912 aka gano. Wani ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Victor Hess ya riƙa hawa balan-balan da na'urar awo, ya kai har mita 5,300, yaga maimakon radiyeshan ya ragu tunda yana nisa da ƙasa, sai ƙaruwa yake yi ninki-ninki. Ya hau da dare, ya hau ranar da aka yi husufin rana a watan Afrilun shekarar, bai ga ya ragu ba, sai yace to lallai ba daga rana abun yake ba. A kan wannan aiki aka bashi kyautar Nobel a 1936. Yanzu mun san waɗannan ƙwayoyin da ake kira kosmik daga can cikin taurari suke zuwa, galibi daga ragowar taurarin da suka tarwatse, kusan kashi 90 cikin ɗari furoton ne masu gudu dab da gudun haske. Idan suka daki iskar da ta lulluɓe duniya a can sama wajen kilomita 15, sai su farfasa ƙwayoyin naitirojin da oksijin, tarkacen ya zubo kamar yayyafi. Abin da ke isowa garemu daga tarkacen yawanci wasu ƙananan ƙwayoyi ne da ake kira miyuwon, da ɗan niyutiron. Buɗe tafin hannunka ka miƙe shi, kusan miyuwon ɗaya ke ratsa shi duk daƙiƙa, dare da rana, ko kana cikin ɗaki.

Rana mai gadi ce

Nan ne abun yake juyewa mutane. Rana tana hura wata iska ta ƙwayoyi masu caji ba dare ba rana, iskar kuma tana jan maganaɗisun rana ta baza shi har can bayan duniyar Fuluto, ya zama kamar wani ƙaton shinge da ya kewaye mu. Kumbon Voyager 1 sai a watan Agustan 2012 ya fita daga cikin shingen nan bayan tafiyar shekara 35, yana fita kuwa na'urarsa ta nuna ƙwayoyin kosmik sun yi tsalle sama. Wato shingen yana tare wasu da gaske.

Ita kuma rana tana da zagaye na wajen shekara 11, wanda Heinrich Schwabe ya gano a 1843 bayan ya shafe shekaru yana ƙirga baƙaƙen tabon da ke fitowa a fuskarta. Idan tabon suka yi yawa, rana tana kan ganiyarta kenan, maganaɗisun ya yi ƙarfi ya cukurkuɗe, ƙwayoyin kosmik su sha wahalar shigowa. Idan ta lafa, ƙofa ta buɗe su kwararo. Saboda haka shekarun da rana ta fi tada hankali sune shekarun da radiyeshan na sama ya fi RAGUWA a ƙasa. A 2009 da rana ta yi wani dogon barci, na'urori sun ƙirga kosmik mafi yawa tun da aka fara zuwa sararin samaniya. Zagayen da muke ciki, na 25, ya fara a Disamban 2019 kuma ya kai ƙololuwa wajen 2024, kaga kenan a shekarar da kake magana muna cikin lokacin ƙarancin kosmik ne.

Da me ake auna wannan? Ba da irin taka na'urar ba. Akwai wasu manyan na'urorin ƙirga niyutiron, tan-tan na darma da roba kewaye da bututun gas, wanda John Simpson na jami'ar Chicago ya ƙirƙiro wajen ƙarshen shekarun 1940. Ta garin Oulu a Finlan tana aiki tun 1964 ba tsayawa, idan ka ɗora jadawalinta a kan jadawalin tabon rana zaka ga kamar mutum da hotonsa a madubi, wannan na hawa wancan na sauka. A wurare irin Oulu da ke kusa da ƙuryar arewa bambancin yana kai wajen kashi 20 cikin ɗari tsakanin ganiya da barci. Amma kusa da ikwaita, layin da ya raba duniya arewa da kudu, ɗan kaɗan ne, saboda ita ma duniya tana da nata maganaɗisun wanda ya fi tare hanya a can, sai ƙwayoyi masu ƙarfin gaske ke iya ketawa, su kuma irin waɗannan ko a jikinsu da abin da rana take yi. Sannan miyuwon, wanda shine yake taɓa bututun Geiger ɗinka, iyayensa masu ƙarfin ne, don haka canjinsa kashi ƙalilan ne kawai. Yi lissafi da kanka: a ce miyuwon ya canza da kashi 5, shi kuma sulusin abin da kake karantawa ne, to canjin da zai bayyana a allonka bai kai kashi 2 cikin ɗari ba, kuma cikin shekaru zai faru ba cikin yamma ɗaya ba. Kai kuma ka ga ƙarin kusan kashi 50.

Ko ita guguwar da kake magana, abin da ta yi a ƙasa ragewa ne. Idan rana ta tofo ƙaton gajimaren ƙwayoyi ya taho ya iso mu bayan kwana ɗaya zuwa uku, yana zuwa da nasa maganaɗisun sai ya share kosmik daga hanya kamar tsintsiya, ƙirgen ya faɗi cikin 'yan awanni sannan ya riƙa farfaɗowa a hankali cikin kwanaki. Scott Forbush ne ya fara lura da haka a 1937, shi yasa ake kiran abun da sunansa. A ranakun 10 da 11 ga Mayun 2024, lokacin da mutane ke ta ɗaukar hoton jan sama, na'urorin niyutiron faɗuwa suka nuna mai girma. Ni a makon nan wayata bata huta ba, kowa na tambaya ko a kulle yara a ɗaki, ni kuma ina kallon jadawali yana gangarowa ƙasa.

Lokutan da rana take kai hannu har ƙasa

Amma kar ince bata taɓa yi ba, tana yi. Hasken ekis-re da fashewar rana ke fitarwa yana isowa cikin minti 8 da 'yan daƙiƙu, sai dai yana ƙarewa a can sama da kilomita 60, abin da yake yi shine ya toshe rediyon gajeren zango a ɓangaren duniyar da ke fuskantar rana, baya saukowa. Iskar da ke samanmu nauyinta daidai yake da ruwa mai zurfin mita 10, ba ƙaramin bargo bane. Amma jefi-jefi fashewar takan harbo furoton masu ƙarfin da ya wuce miliyan 500 na ma'aunin elektiron-bolt, irin waɗannan suna iya haifar da yayyafin da zai taɓo ƙasa. Na farko da aka rubuta ranar 28 ga Fabrairun 1942 ne, kuma daga lokacin zuwa yau saba'in da 'yan kai aka gani, wato kusan ɗaya a shekara idan aka raba, duk da cewa a tattare suke zuwa kusa da ganiya. Mafi girma shine na 23 ga Fabrairun 1956, inda na'urar garin Leeds a Ingila ta nuna ƙirgen niyutiron ya ninka kusan sau 50. Na 20 ga Janairun 2005 shi ma ya yi ƙarfi sosai amma a Antatika aka fi ganinsa. Ran 11 ga Mayun 2024 ma an samu wani ɗan ƙarami, kashi ƙalilan, yana zaune a cikin ramin faɗuwar nan da na faɗa maka, kuma sai manyan na'urorin da ke kusa da ƙuryoyin duniya suka iya tsinto shi.

Ninki 50 yana da ban tsoro a kunne amma duba abin da aka ninka. Niyutiron ƙaramin yanki ne na 0.03 ɗin nan, kuma tashin na mintuna ne zuwa 'yan awanni ya wuce. Mutumin da ke tsaye a titin Leeds ranar, abin da ya samu bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da abin da yake samu a shekara daga bangon ɗakinsa. Waɗanda abun ya shafa da gaske sune na sama. A tsayin da jiragen fasinja ke tafiya, kilomita 10 zuwa 12, ko a ranar lafiya radiyeshan yana kai 'yan maikurosibat a awa, ninki gommai na ƙasa, shi yasa ƙasashe da dama suke lissafa matuƙa da ma'aikatan jirgi cikin masu aikin radiyeshan, kuma tun 2019 hukumar jiragen sama ta duniya ICAO take fitar da gargaɗin yanayin sararin samaniya. 'Yan sama jannati kuwa ba a magana, fashewar Agustan 1972 ta faɗo ne tsakanin tafiyar Apollo 16 da ta 17, da akwai mutum a kan wata a lokacin da ya ji jiki.

Akwai wata hanyar kuma da ni ta fi burge ni. Su ƙwayoyin kosmik ɗin idan suka fasa iska suna ƙera sabbin sinadarai masu radiyeshan: kabon-14 da tiritiyom da beriliyom-7 da beriliyom-10. Wannan kam radiyeshan na muhalli ne na gaske, yana saukowa ya shiga ruwa da ganye da ƙura. Beriliyom-7 rabinsa yana rushewa cikin kwana 53, yana maƙalewa a ƙurar iska, kuma duk tashar da take zuƙar iska ta cikin matata tana auna ta duk mako tana ganinsa. Idan aka jera awon shekaru 20 ko 30 sai kaga zagayen shekara 11 ya fito a ciki ƙarara, yana yawa idan rana ta lafa, yana raguwa idan ta tashi. Kabon-14 kuma bishiyoyi ke ajiye mana tarihinsa a zoben cikinsu, daga nan aka ga ya ƙaru tsakanin 1645 da 1715 lokacin da tabon rana suka kusa ɓacewa gaba ɗaya. A 2012 wata ɗaliba a Jafan, Fusa Miyake, ta gano a zoben wasu tsofaffin bishiyoyi cewa tsakanin shekarar 774 da 775 kabon-14 ya yi tsalle da kashi 1.2 cikin ɗari a shekara guda, daga baya aka ga irin tsallen a bishiyoyin wasu nahiyoyin da ƙanƙarar Girinlan da Antatika. Yawancin masana sun tafi a kan cewa wata fashewar rana ce da ta ninka ta 1956 sau gommai. To kaga ko wannan dodon kashi 1.2 ya ƙara, alhali kabon-14 gaba ɗayansa maikurosibat 12 yake baka a shekara. Mu 'yan Adam da gwajin bama-baman nukiliya a sararin sama mun kusa ninka kabon-14 na iskar arewacin duniya sau biyu zuwa 1963, abin da rana bata taɓa yi ba a iya tarihin da bishiyoyi suka ajiye.

To ina 0.16 ya fito?

Ruwan sama. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Iskar radon tana tsatsowa daga ƙasa koyaushe, rabinta yana rushewa cikin kwana 3.8, tana rushewa kuma sai ta haifi 'ya'ya, ciki har da darma-214 da bismut-214, waɗanda ba gas bane, ƙura ce mai maƙalewa a ɗigon ruwan gajimare. Da an tsuge da ruwa sai ya wanko su daga tsayin kilomitoci ya zube maka a ƙasa da rufi da bakin baranda, su kuma masu fitar da gama ne sosai. Darma-214 rabinsa yana tafiya cikin minti 27, bismut-214 cikin minti 20, don haka bayan awa biyu zuwa uku da ɗauke ruwa kusan komai ya koma yadda yake. Tashi da yamma bayan ruwa, sauka da dare, wannan ai hotonsa ne ka zana min. Duk wanda ya taɓa kula da tashar awon gama ya san wannan, ƙarin kashi 20 zuwa 50 a ruwa mai ƙarfi ba labari bane, wani lokacin ma ya fi haka musamman ruwan farko bayan an daɗe ba a yi ba.

Na tuna farkon fara aikina, akwai na'urar kiristal mai rarrabe gama da muka ɗora a kan rufi, wata safiya na shigo na tarar da wani tsauni a jadawalin dare, kwana biyu kenan da sanar da wata babbar fashewa a rana. Jikina har rawa yake na je na kira wanda ke koya min aiki. Bai ce komai ba, ya buɗe bayanan ƙarfin gama inda kowane sinadari yake da nasa layin, ya nuna min layin bismut-214 ya miƙe kamar hasumiya alhali na fotashiyom yana nan inda yake, sannan ya leƙa taga ya nuna min ruwan da ya kwanta a tsakar harabar. Tun daga ranar ban ƙara kallon jadawalin gama ba sai da jadawalin ruwan sama a gefensa.

Kuma ko ba ruwa, radon yana da nasa zagayen na kullum da zai iya ruɗin mutum. Da dare ƙasa ta huce, iska ta kwanta bata motsi, radon ya taru a ƙasa-ƙasa, ya kai ƙololuwa gab da asuba. Rana na fitowa ta ɗumama ƙasa, iska ta fara juyawa sama, ya watse. A nan kam rana ce sila, amma zafinta ne, ba fashewarta ba. Haka idan nauyin iska ya faɗi kafin hadari, ƙasa tana ƙara fitar da radon, kuma bargon da ke samanka ya ɗan yi sirara, na'urar niyutiron tana hawa wajen kashi 0.7 cikin ɗari a duk miliba ɗaya (ma'aunin nauyin iska) da ya ragu. Faɗuwar miliba 10 kaɗai ta isa ta ƙera maka "tasirin rana" na bogi idan baka gyara lissafin ba.

Sai kuma matsalar ƙirge. Ƙananan bututun Geiger suna ƙirga wajen 20 ne a minti, shi kuma radiyeshan ba a jere yake zuwa ba, a warwatse yake kamar ɗigon farkon ruwa a kan kwano. Ƙa'idar ita ce kuskurenka yana kusa da tushen lambar da ka ƙirga, wato lambar da idan ka ninka ta da kanta zata baka ƙirgen, tushen 20 kuwa wajen 4.5 ne, sama da kashi 20 cikin ɗari kenan daga minti zuwa minti ba tare da komai ya canza ba. Kafin ka iya rantsuwa a kan canjin kashi 1 sai ka tara ƙirge 10,000, wato sama da awa 8 a wuri ɗaya ba motsi. Ban ga na'urarka ba kuma ban san tsawon lokacin da 0.16 ɗin ya zauna ba, idan walƙiya ɗaya ya yi ya wuce to ƙirge ne kawai, idan ya zauna kusan awa yana sauka a hankali to ruwan ne.

Batun wai rana tana canza saurin rushewa

Wannan ba ƙirƙirar 'yan intanet bace, yana da asali. Wajen 2008 wasu masana biyu a jami'ar Purdue ta Amurka, Jere Jenkins da Ephraim Fischbach, suka ce sun ga ƙirgen manganis-54 a ɗakin gwajinsu ya ɗan yi ƙasa daidai lokacin fashewar 13 ga Disamban 2006. Suka kuma tono tsofaffin awo na silikon-32 daga Brookhaven da na radiyom-226 daga cibiyar awo ta Jamus, suka nuna akwai ɗan kaɗawa na shekara-shekara, wajen kashi 0.1 cikin ɗari, da ya yi kama da nisanmu da rana, tunda a farkon Janairu muna kilomita miliyan 147 daga gareta, a farkon Yuli kuma miliyan 152. Hasashensu shine niyutirino, waɗannan ƙwayoyin da biliyoyinsu ke ratsa farcenka duk daƙiƙa ba tare da sun taɓa komai ba, wai su ke zungurar sinadaran. Daga baya Peter Sturrock na Stanford ya shigo, aka haɗa da wasu awon radon da aka yi a Isra'ila, inaga daga nan ne abin da ka karanta ya samo tushe.

Ba a yi musu dariya ba, an gwada. Kumbon Cassini yana ɗauke da fulutoniyom-238 da zafin rushewarsa ke bashi lantarki, ya bi ta kusa da duniyar Zahra inda ya fi mu kusa da rana sosai sannan ya yi nisa, da rana tana da tasiri da wutar ta nuna, aka duba ba a ga komai ba. Ita kanta cibiyar Jamus ɗin ta sake awo da wata dabarar da bata damu da yanayin ɗaki ba, kaɗawar ta ɓace. A 2016 Stefaan Pommé da abokan aikinsa suka tattaro awon ɗakunan gwaji 14 na ƙasashe daban-daban, kuma hujjar da ta fi gamsar da ni a nan take: nisan duniya da rana ɗaya ne ga kowa a rana ɗaya, to da ita ce sila da duk ɗakunan sun hau tare sun sauka tare da girma iri ɗaya. Ba haka aka gani ba. Wani ɗakin yana da kaɗawa wani babu, masu ita ma kowa da watan da tasa ke hawa, kuma ɗakunan da suka fi tsare zafi da laima sune suka fi zama shiru. Wato na'ura ce ke jin sanyi da zafi, ba sinadarin ba.

Wannan na gani da idona. Akwai lokacin da ƙirgenmu yake lanƙwasawa kullum da tsakar rana kamar an saita agogo, da muka bi diddigi ashe layin fotashiyom ne yake zamewa gefe idan akwatin ya ɗau zafi, ya fita daga iyakar da muka saita wa na'urar ta ƙirga shi, da yamma ya dawo. Muka naɗe akwatin da soso muka yi mishi inuwa, shikenan "tasirin rana" ya tafi. Har yanzu akwai 'yan tsirarun da ke riƙe da ra'ayin nan suna wallafa takardu, kuma awo baya iya cewa sifili cif, iyakarsa yace idan ma akwai to bai kai kaza ba. Amma kazan nan ya riga ya yi ƙanƙantar da ko da gaske ne, ba zai motsa lamba ta biyu bayan ɗigo a na'urarka ba.

Game da haɗari, 0.16 ko da ya zauna shekara cur bai kai milisibat ɗaya da rabi ba, akwai garuruwa irin Ramsar a Iran da gaɓar Kerala a Indiya da mutane ke rayuwa a kan abin da ya ninka haka saboda irin ƙasarsu. Idan kana son ka damu da wani abu a wannan fannin to radon na cikin ɗaki ne, musamman ɗakin ƙasa ko wanda ba a buɗe tagoginsa, shine na biyu wajen jawo kansar huhu bayan taba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bada shawarar kar ya wuce bekerel 100 (bekerel ɗaya shine rushewa ɗaya a daƙiƙa) a kowace kubik mita ta iska. Geiger ɗinka bata auna shi da kyau, akwai 'yar na'urarsa daban da ake ajiyewa a ɗaki na wata uku.

Ga gwajin da zaka yi ka huta da zullumi. Jira ranar da za a yi ruwa mai ƙarfi alhali babu wani labarin guguwar rana. Ana ɗaukewa ka samu tsumma ko takardar goge hannu ka share ruwan da ya kwanta a kan wani faffaɗan abu a waje, kamar gilashin mota ko teburin roba, ka matse shi ka sa a leda, ka ɗora na'urar a kai cikin ɗaki. Ka rubuta lambar duk minti 10 har awa uku, a gefe kuma ka rubuta abin da take nunawa a wurin kafin ka kawo tsumman. Zaka ga ta hau sama da 0.16 ɗin ma wataƙila, sannan rarar tana rabewa biyu duk bayan minti 30 zuwa 45 har ta ƙare. Idan ka yi ka turo min lambobin in gani, ka haɗa da sunan samfurin na'urar.